In An Yi Ruwa Babu Lesin

Ɗazu da safe ruwa ya sauka a nan Kano, irin mai ƙarfin nan da ke cika kwata kafin mutum ya nemo lema. Ina tsaye a barandar asibiti da farar rigata, muna jiran babban likita ya zo a fara zagayen marasa lafiya, sai kawai na ji bakina ya ce, "Yau babu lesin ke nan." Wadda ke gefena ta juyo ta ce, wane lesin kuma? Na ce mata ƙyale ni kawai. Amma abin bai ƙyale ni ba, shi ya sa da na samu wuri na zauna na ce bari in rubuta shi a waya tun yana da zafi.

Ni 'yar Daura ce, sunana Hauwa. Shekarar da na gama sakandare sakamakona ya yi kyau, ban da Kemistiri. A nan na zame. Ba wata mummunar faɗuwa ba ce, amma dai irin wadda ba a shiga karatun likita da ita. Jami'ar da na nema a Kano ta ce zan iya zama jarrabawar tantancewa, da sharaɗin in gyara Kemistiri kafin a fara rajista. To kun ga kaya biyu ke nan a kaina cikin damina ɗaya. Ga lesin na dogon hutu don gyaran Kemistiri, da aikin gidansa da firatikal ɗinsa. Ga kuma shirin tantancewa, wadda a kwamfuta ake yi, darasi huɗu, tambaya na bin tambaya, lokaci na gudu. In na ci ɗaya na faɗi ɗaya, shekara ta tafi. Kuma a gidanmu ba a yi mini alkawarin wata shekarar ba.

Mai lesin namu Malam Habu ne. Malamin sakandare ne, dogo siriri, da wani tsohon babur wanda kullum akwai fartanya ɗaure a bayansa. In an yi dogon hutu sai ya ari aji a wata firamare ta unguwarmu ya tara irinmu masu gyara. Ranar farko, tun kafin ya taɓa allo, ya ce:

"Ku saurara da kyau, ba na maimaita magana. Ni malami ne, amma gero ba ya jiran Kemistiri. Duk ranar da aka wayi gari da ruwa a ƙasa, babu lesin. Kada wanda ya kira ni ya tambaya."

Akwai wani Nura a ajin, injiniya yake son zama, bakinsa ba ya shiru. Ya ɗaga hannu. "Malam, in yayyafi ne fa?"

"Ka tona ƙasa da yatsa. In danshi ya wuce gaɓa biyu, ka tafi gonar ubanka. In bai kai ba, ka zo nan da aikin gidanka a hannu."

Ƙawata Chidinma, wadda babanta ke sayar da kayan babur a bakin tasha, a Daura aka haife ta, Hausarta ta fi tawa kaifi. Ta ce, "Malam, mu da ba mu da gona fa?"

"Ke sai ki je shagon babanki ki goge fulogi."

Aka yi dariya, amma dokar ta zauna. Ba a rubuta ta ko'ina ba, kowa dai ya san ta. Da asuba za ka ga ɗan lesin ya fito ƙofar gida ya tsuguna yana cusa yatsa a ƙasa kamar mai neman allurar da ta faɗi.

Haka sama ta zama ita ke tsara mini karatu. Ranar da rana ta buɗe, ta Kemistiri ce. In na idar da sallar asuba in share tsakar gida, in taya Inna surfe, in yi wa ƙannena wanka, in sha koko in tafi lesin, sai azahar. Da la'asar aikin gida, Malam kuwa ba ya tausayi wajen bayarwa. Ranar ruwa kuma ta tantancewa ce. Baba zai fita gona tun duhu bai gama washewa ba, ni da Inna mu ɗora tukunya, in hantsi ya yi in ɗauki abinci da fura in bi shi. Gonarmu tana kan hanyar Sandamu, jigawa ce, yashi zalla. Gawo ne a tsakiyarta, shi kuwa gawo da damina yake zubar da ganye, ba shi da inuwar da ko akuya za ta fake. Sai in je ƙarƙashin tsamiyar maƙwabcinmu in zauna da wayata, ina danna tambayoyin shekarun baya, ina korar tururuwa daga ƙafata, har Baba ya gama ci in kwashe kwanuka.

Cajin waya shi ma wani aiki ne. In hadari ya taso wuta ta tafi ke nan, ba a san ranar dawowarta ba. Shagon su Chidinma suna da sola, can nake kaiwa. Akwai kuma wata tsohuwar kwamfuta a lungun shagon, a kanta Chidinma ta koya mini yadda ake danna amsa a wuce gaba. Farkon da na gwada hannuna rawa yake yi, ta ce, "Haba Dakta, da wannan hannun za ki yi wa mutane allura? Ni dai in na yi ciwo kada a kai ni wajenki."

Farkon damina ruwa ya yi ta zuwa a kai a kai. Manoma na murna, ni kuwa hankalina ya fara tashi, don lesin sai tashi yake yi. Sati zai wuce ba mu zauna aji ba sai sau biyu. Firatikal ko fara shi ba mu yi ba. Malam sai dai ya turo aikin gida ta guruf ɗinmu na waya, wani lokaci har da hoton tambayoyin da ya rubuta a gona, ana ganin shatin yatsansa da laka a gefen takardar. Na taɓa ce masa, "Malam, anya za mu gama kuwa?" Ya ce, "Ki tambayi mai sama."

Sai ruwa ya ɗauke.

Da farko ba wanda ya damu, an saba da ɗan hutu tsakanin ruwa da ruwa. Amma sati ya wuce, wani ya biyo. Gero ya kai gwiwa ya tsaya cak. Ganyensa ya fara nannaɗewa da rana, da safe ya ɗan warware, daga baya ma ya daina warwarewa. Zafi irin na bazara ya dawo, amma mai nauyi, mai gumi, kwanon ajinmu har ƙara yake yi. Kullum da la'asar hadari zai haɗu a gabas, baƙi ƙirin, mata su kwashe shanya su jera bokitai, sai iska ta taso ta watsa shi. A mayar da bokitai ciki babu ko ɗigo.

A gida kuwa lokacin ne rumbu ke nuna gindinsa. Tsohon hatsi ya kusa ƙarewa, sabo bai zo ba. Tuwo ya koma sau ɗaya a rana. Da rana kwaɗon rama ne ko tafasa da ɗan ƙuli-ƙuli, furar Baba ta yi ruwa-ruwa har kana hango gindin kwano. Akwai ranakun da ina cikin aji zan ji cikina na kiran sunana, in danne shi da littafi. Inna ba ta taɓa cewa babu ba, sai dai ta ce, "Ni na ci tun ɗazu." Mun san ba ta ci ba, ita ma ta san mun sani.

Baba ya riga ya tanadi buhun taki da irin wake tun kafin farin ya fara. A wajenmu wake a tsakanin gero ake shuka shi, bayan gero ya tasa, kuma shi da takin duk danshi suke so. In ka zuba taki a busasshiyar ƙasa ƙone shuka yake yi, in ka shuka wake a yashi mai zafi ka ciyar da tururuwa. Sai kayan suka zauna a zaure suna jira. Da yamma Baba a kan buhun takin yake zama, fuskarsa na gabas.

Ni kuwa karatuna sai ya miƙe. Lesin kullum, ba fashi. Muka shiga firatikal ka'in da na'in: a cika dogon bututun gilashi da asid, a riƙa sakin shi ɗigo-ɗigo cikin kwalba ana girgizawa, har ruwan ya canja launi. Ɗigo ɗaya ya wuce, ka sake daga farko. Na sake ya fi a ƙirga. Malam da ruwan sama yake haɗa mana kayan, wanda ya tara a jarka, ya ce ya fi na rijiya tsabta. Jarkar ita ma kullum raguwa take yi, har ya fara auna mana shi kamar turare. Nura ya zubar da nasa wata rana, Malam ya dube shi ya ce, "Nura, ka san abin da ka zubar kuwa? Da ka zubar da asid ɗin ya fi mini sauƙi."

A cikin farin nan na kamo duk abin da ya wuce ni. Ranar da na fara samun canjin launi daidai sau uku a jere, na dawo gida ina tafiya kamar an ba ni kujerar likita. Na tarar da Baba a kan buhunsa. Uwata yake kirana, saboda sunan mahaifiyarsa aka sa mini.

"Uwata, karatu na tafiya?"

"Yana tafiya sosai, Baba."

"To alhamdu lillahi. Ko ba komai ranar nan ta yi wa wani amfani a gidan nan."

Da dariya ya faɗa, kuma har zuciyarsa yake nufi. Ban taɓa fatan kada a yi ruwa ba, Allah ya sani. Sai dai duk safiyar da na cusa yatsa na ji ƙasa a bushe, na san ni na samu rana ɗaya, gonarmu ta rasa ɗaya.

Da abin ya yi tsanani aka fita roƙon ruwa. Gari ya fita ƙwansa da ƙwarƙwatarsa, aka rufe shaguna, har baban Chidinma ya rufe nasa ya ce shi ma zai roƙa a cocinsu, don in manomi bai samu ba wa zai gyara babur. Ranar ba a yi lesin ba. Nura ya ce, "Ka ga ikon Allah, ruwa bai zo ba amma ya tashi lesin."

Cikin wannan halin saƙon jami'a ya shigo wayata. Jarrabawa ranar Laraba da sassafe, a Kano. Dole a tafi tun Talata a kwana. Baba ya ce shi zai kai ni, mu sauka gidan ƙanwarsa, Gwaggo Talatu. Ba a yi wata doguwar magana ba, tunda gona ba abin da ake yi mata sai kallo.

Ranar Litinin da la'asar hadari ya haɗu kamar kullum. Inna ma ba ta fitar da bokiti ba, ta gaji. Ina zaune a ƙofar ɗaki ina bitar Fiziks sai na ji iskar ta canja, ta yi sanyi, ta zo da ƙamshin nan na ƙasa. Ɗigon farko a kan gilashin wayata ya faɗo. Kafin in miƙe an ɓalle da ruwa kamar da bakin ƙwarya. Ƙannena suka tuɓe suka faɗa ciki, Inna na jan bokitai tana hamdala, indararo na zuba, maƙwabta na ta guɗa ta kan katanga. Baba ya tsaya a bakin zaure, ruwa na dukan ƙafafunsa, bai matsa ba. Ruwan ya yi ta yi har bayan magariba.

Ni ma na yi murna, wallahi na yi. Sai da na shiga zaure ɗauko tabarma na ga buhun taki da irin wake, sannan lissafin ya faɗo mini. Gobe Talata. Jibi Laraba. Yashin gonarmu kuwa kwana biyu ya ishe shi ya shanye ruwa ya koma kamar ba a yi ba. Kuma bayan irin wannan farin ba wanda ya san yaushe wani zai sake zuwa.

Muna cin tuwo na ce, "Baba, ni kaɗai zan tafi. A sa ni a mota, Gwaggo ta tare ni a tasha."

Bai ɗago ba. "Kin taɓa zuwa Kano?"

"A'a, amma ai ina da waya."

"Waya ce za ta riƙe miki hannu a tsallaka titi?"

Inna ta ce wa Baba, "Malam, ko a nemi 'yan ƙodago su yi maka?"

"Gobe? Wa za ki samu gobe? Kowa na gonarsa, har mai ciwon baya."

Yayana yana Fatakwal wajen aiki, ba zancen ya iso. Na ce, "To Baba ka yi gonar da safe, mu tafi da yamma."

"Aikin kwana biyu ne ga mutum ɗaya, kin sani. Kuma ba zan shiga da ke Kano cikin duhu ba." Ya wanke hannu ya dube ni. "Uwata, ita wannan jarrabawar, in an yi ruwa ɗage ta ake yi kamar lesin ɗinku?"

"A'a."

"To magana ta ƙare. Ki haɗa kayanki."

Na tashi na shiga ɗaki don kada su ga idona. Na rubuta wa Malam Habu a guruf cewa ba zan samu zuwa ba har Alhamis, ina neman uzuri. Ya amsa nan take.

"Ai gobe babu lesin, ya wuce gaɓa biyu. Wa zai raka ki?"

"Baba."

"Gonar fa?"

Na karanta tambayar. Sai na kashe wayar na sa ta a jaka.

Tafiyar Talatar nan ba zan manta ta ba. Tun daga fitarmu Daura, hagu da dama gonaki cike suke da mutane. Maza na sara da sungumi, mata da yara na bi suna jefa iri suna rufewa da ƙafa, wasu na ɗauke da kwanon taki. Ƙasa ta yi duhu, gero ya warware ganye ya yi shar. Baba yana gefen taga. Kansa na bin kowace gona har ta wuce. Wani fasinja ya ce masa, "Alhaji, yau kuma tafiya? Kai ba ka noma ne?" Baba ya ce, "Ina yi. 'Yata zan kai jarrabawar likita." Yadda ya faɗe ta sai da mutanen motar suka juyo suka dube ni. Na gyara zama.

A Kano rana ta buɗe tar, ba ko gajimare. Gwaggo ta yi mana shinkafa da miya har da nama, rabona da irinta na manta, amma Baba kaɗan ya taɓa. Ya fita ƙofar gida ya dubi sama ya fi sau nawa.

Laraba da sassafe muka isa jami'a. Mutane kamar ranar kasuwar Mai'adua, 'yan birni da manyan wayoyi suna ta Turanci, wasu iyayensu sun kawo su a mota mai sanyi. Na zauna gaban kwamfuta. Na ce a raina, an bar gona a jiƙe saboda kujerar nan, ba zan tashi a kanta da wasa ba. Hannuna bai yi rawa ba. Kemistirin da nake tsoro shi ya fi zo mini da sauƙi, wasu tambayoyin kamar ina jin muryar Malam yana cewa a hankali, ɗigo ɗaya. Fiziks ya ɗan murɗe ni, na bar masu wuya na dawo musu daga baya. Na gama da sauran lokaci, na sake bi, na danna na miƙe.

Na fito na hango Baba a gindin wata bishiya cikin sauran iyaye. Ya tsuguna gefen fulawar da aka shuka a wurin, yatsansa a cikin ƙasa. Da ya gan ni ya miƙe ya goge hannu a riga.

"Kin gama? Mu tafi."

Bai tambaye ni yadda ta kasance ba. A mota ma bai tambaya ba. Ban ji haushi ba, na san inda hankalinsa yake. Guruf ɗinmu kuma shiru tun Litinin, ko Nura bai turo shirmensa ba, na ɗauka kowa na gona ne.

Mun iso Daura da la'asar. A tasha Baba ya ce in wuce gida, shi zai leƙa gona ya ga abin da ya rage. Na ce ƙafata ƙafarsa. Muka hau acaba biyu.

Tun daga bakin gonar na ga sawu. Sawun mutane da yawa, wasu da takalmi wasu babu. Tsakanin layukan gero duk an sare an rufe, ga shatin dunduniya a kan kowane rami. A gindin kowace shuka an tona an binne abu. Baba ya tsaya. Ya taka a hankali zuwa tsakiyar gona, ya tsuguna ya tona da yatsa. Ya ciro ƙwayar wake, ta kumbura har ta fara tsagewa. Ya mayar ya rufe. Ya matsa gaba ya tona gindin gero, ga farin taki ya fara narkewa, ɗan daidai, nesa kaɗan da saiwa yadda ake so. Ya sake matsawa ya tona. Har ƙarshen gona.

Muna nan sai ga ƙarar tsohon babur daga wajen Sandamu. Malam Habu ne, a bayansa kuma 'yan ajinmu, wasu a keke wasu a ƙasa, duk sun yi buɗu-buɗu. Chidinma na sanye da wasu manyan takalman roba na babanta, tana jan su da ƙyar.

Nura ne ya fara magana tun daga nesa. "Dakta, an dawo? Ki zo ki fara aiki a kaina, bayana ya ɓalle."

Malam ya kashe babur ya gaida Baba. Baba ya riƙe hannunsa bai saki ba.

"Malam, wannan aikin fa?"

"Firatikal ne, Malam Isa. An yi ruwa, babu lesin a aji, sai na ce a zo a ga yadda taki ke aiki a ƙasa. Kowa murfin kwalba ɗaya a gindin shuka, wanda ya ƙara ya faɗi."

Chidinma ta nuna mini tafin hannunta, ya yi ja ya tashi. "Kin ga abin da kika ja mini? Sungumi na ce zan gwada, Malam ya ƙwace ya ce in koma jefa iri kafin in sare ƙafar wani. Amma layina ya fi na Nura miƙewa, je ki duba. Nasa kamar maciji ya bi."

"Injiniya ne ni," in ji Nura. "Kwana na yi wa ruwa don ya zauna."

Ashe tun daren Litinin Malam ya buɗe wani guruf ba ni a ciki, ya ce duk wanda ya gaya mini kafin in fito daga jarrabawa zai wanke kwalaben firatikal har ƙarshen hutu. Talata da sassafe suka je gidanmu suka ɗauki taki da iri. Inna kuwa ta ce ba a yi mata gayya a tashi da yunwa. Ɗan geron da ta ɓoye a tukunya don ranar da abu ya ƙure, shi ta daka ta dama musu fura, mai kauri, ta ɗauko da kanta har gona. Masu gonar gida sun fara yi wa iyayensu da asuba sannan suka zo. Suka gama tamu ranar Talata, Laraba suka wuce ta Malam.

Baba ya ce, "Taka ka bari sai yau? Yau ai ƙasa ta fara shanyewa."

Malam ya kaɗa hannu. "Tawa tana riƙe ruwa, kada ka damu."

Gonar Malam jigawa ce irin tamu, duk wanda ke bin hanyar ya san ta. Baba ya dube shi. Sai ya ce, "Allah ya saka." Malam ya ce amin, ya juya kanmu ya ce gobe akwai lesin in ba a yi ruwa ba, kuma ni ina da aikin gida biyu da ban kawo ba.

Da suka wuce, Baba ya zauna a gindin gawon nan marar inuwa, ya cire hula ya ɗora a gwiwa. Ya daɗe yana kallon gonar. Sannan ya juyo.

"To Uwata. Zauna ki gaya mini, yaya jarrabawar?"

Na zauna a kan yashi na ba shi labari tun daga tambayar farko. Bai san Fiziks ba, amma duk inda na ce na amsa sai ya gyaɗa kai ya ce madalla, inda na ce ta murɗe ni ya ce to ita ma Allah ya ba mu sa'arta. Sai da aka kira magariba muka tashi.

Ruwa ya dawo bayan 'yan kwanaki, ya kuma zauna har kaka. Sunana ya fito cikin waɗanda suka ci tantancewa tun gero bai nuna ba. Kemistiri kuma na gyara shi, gyara mai kyau, ni da Chidinma da Nura duka. Waken shekarar ya yi albarka, har na layin maciji. Baba ya auna wa gidan kowane ɗan ajinmu, ni na riƙa kaiwa a kwano, gida-gida. Na Malam shi ya ɗora a keke ya kai da kansa, don waken Malam bai fito sosai ba a shekarar.

Yanzu ina shekarar ƙarshe. A nan ko sama za ta tsage ba a ɗage zagaye, ruwa abin da ke jiƙa takalmi ne kawai da tsayar da mota. Abokan karatuna in ana hirar yadda aka shigo, wani ya ce wane babban lesin ya yi a Abuja, wata ta ce malami ake kawo mata har gida. Ni in ce nawa lesin in an yi ruwa tashi yake yi. Su yi dariya, ni ma in yi, ba na ƙara komai.

Ɗazu da ruwan ya tsagaita, kafin in shiga ɗakin marasa lafiya, na faki ido na tsuguna gefen baranda na cusa yatsa a ƙasa. Na ɗauki hoton yatsan da laka na tura tsohon guruf ɗinmu, wanda har yau ba a rufe ba. Na rubuta, "Malam, ya wuce gaɓa biyu."

Nura ya turo dariya. Chidinma ta ce in wanke hannu kafin in taɓa ɗan mutane. Can sai ga Malam, da gani daga gona yake rubutu.

"Na gani. Tashi ki je ki duba marasa lafiya, Dakta. Naki lesin ba ya tashi."